Filin Tambaya da Amsa: Prolog Ya Ƙi Hawa Sabon Allo

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe a fannin kimiyyar kwamfuta a nan Marwa. Aikin kammala karatuna wata manhaja ce ta rabon gado bisa mazhabar Malikiyya. Da yaren kwamfuta na Prolog na rubuta ta, da GNU Prolog nake harhaɗa ta a laftof ɗina mai Intel, kuma tana aiki lafiya lau. Kwanan baya sashenmu ya samu wani ɗan ƙaramin allon kwamfuta mai furosesa RISC-V, yana ɗauke da Linux. Malamin da ke duba aikina ya ce in ɗora manhajar a kansa. Na kwafi fayil ɗin da na harhaɗa, allon ya ƙi buɗe shi. Na ɗauko GNU Prolog ɗin da ke filashina don in gina shi a kan allon, shi ma ya tsaya tun a matakin farko, ya ce bai san wannan na'ura ba. Malamina ya ce in ina da zuciya, in koya wa GNU Prolog yaren wannan furosesa da kaina, a sa shi cikin aikin kammalawa. Wata huɗu suka rage mini. Abu ne mai yiwuwa, ko in nemi hanyar kauce masa?

Ɗalibinka, daga Marwa

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa karatu albarka.

Aiki biyu ka ɗaure da igiya ɗaya, bari mu kwance su tukuna. Akwai sa manhajarka ta gado ta yi aiki a kan allon, akwai kuma mai da GNU Prolog kansa ya iya haifar da umarnin RISC-V. Na farkon aikin yini ɗaya ne. Na biyun shi ne mai cin watanni.

Fayil ɗin da ka kwafa ba Prolog ba ne kuma. Tun ran da ka harhaɗa shi ya zama tsantsar umarnin Intel, kuma furosesan RISC-V ba ya gane ko ɗaya daga ciki. Amma rubutunka na asali, wanda sunansa ya ƙare da .pl, babu ruwansa da furosesa. Layin da ka ce matar mamaci na da tumuni in ya bar ɗa, rubu'i in bai bari ba, ma'anarsa ɗaya ce a kowace na'ura. Don haka in buƙatar ita ce a ga manhajar tana tafiya, nemi SWI-Prolog a rumbun manhajojin Linux ɗin da ke kan allon. Debian 13, da ya fito a watan Agustan 2025, ya karɓi RISC-V mai bit 64 a hukumance. In ba ka same shi a shirye ba, ɗauko tushensa ka gina da cmake. Matuƙar ka tsaya kan ƙa'idar ISO ta 1995 a rubutunka, gyaran da za ka yi kaɗan ne. Yi wannan a makon nan, ka nuna wa malaminka, hankalinka ya kwanta kafin mu shiga ɗaya maganar.

Za ka ce to me ya sa wani Prolog ke hawa sabuwar na'ura salin-alin, wani kuma ya turje? Amsar tana cikin tarihin abin. Alain Colmerauer da Philippe Roussel ne suka ƙirƙiro yaren a Marseille ta Faransa a 1972. A 1983 David Warren ya fito da tsarin wani injin ƙage, wanda ba a ƙera shi da ƙarfe ba, a takarda kawai yake, yana da nasa rajistoci da nasa umarni da suka dace da aikin Prolog: daidaita abu biyu, ajiye alama a mararraba, komawa baya in hanya ta toshe. Shi ake kira WAM. Daga nan magina suka rabu gida biyu. Wasu suka rubuta manhaja da yaren C wadda ke karanta umarnin injin ƙage ɗaya bayan ɗaya tana aiwatarwa. SWI-Prolog, da Jan Wielemaker ya fara a Amsterdam a 1987, a wannan gida yake, da irin nasa injin. Duk inda aka samu kwamfailan C mai kyau, wato manhajar da ke mai da rubutun C umarnin furosesa, rabin aikin ya ƙare. Wasu kuma suka ce a'a, a juya kowane umarni ya zama na furosesa na gaskiya, a samu sauri da fayil mai tsayawa da ƙafarsa. GNU Prolog na Daniel Diaz a nan yake. Ka ga yadda kayan Cadi ke sauka daga jirgin ƙasa a tashar Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare? Wanda ke cikin kwantena ɗaga shi kawai ake yi a aza wa tirela. Wanda aka loda buhu-buhu daidai cikin tarago kuwa, sai an sauke an sake shirya shi daidai da bayan motar. Naka na buhu-buhu ne.

Sai dai Diaz ya yi wa masu zuwa bayansa adalci. In ka kira gplc, manhajar harhaɗawa ta GNU Prolog, ba tsalle ɗaya yake yi daga Prolog zuwa furosesa ba. Da farko pl2wam ya mai da rubutunka umarnin WAM. Sai wam2ma ya mai da wannan zuwa wani ɗan ƙaramin yare na tsaka-tsaki da ya ƙirƙira, ƙaramin asambili, wanda umarninsa ba su da yawa: yi tsalle, kira, dawo, faɗi, kwafa, kira aikin C, duba abin da C ya dawo da shi. Sai ma2asm ya mai da wannan zuwa asambilin furosesa, wato umarnin furosesan a rubuce. Daga nan kayan aikin Linux na yau da kullum su ƙarasa. Kafin wannan tsari ya gwada bi ta C kai tsaye a wani aiki nasa mai suna wamcc, amma C ba ya son irin tsalle-tsallen da Prolog ke yi daga tsakiyar wannan aiki zuwa tsakiyar wancan. A duk wannan sarƙa, ma2asm ne kaɗai ya san sunan furosesa, kuma kowane furosesa fayil ɗaya yake da shi a cikin jakar Ma2Asm. Shi za ka rubuta, sai 'yan gyare-gyare a configure da kuma fayilolin machine.h da machine.c.

Kafin ka taɓa komai, ajiye na filashin nan. Ɗauko sabon tushe daga inda masu aikin ke ajiye shi, ka leƙa cikin Ma2Asm. Furosesan ARM mai bit 64 ya shiga a fitowa ta 1.5.0 a 2021, bayan Apple ya fito da nasa furosesan ARM mai suna M1 a ƙarshen 2020, kuma aiki bai tsaya a nan ba. In ka tarar wani ya riga ka rubuta na RISC-V, gaya wa malaminka gaskiya tun da wuri, ku yanke shawara: ko ka rubuta naka don koyo ka gwada da nasa, ko ka ɗauki nasa ka auna shi ka gyara. Abin da ba na so shi ne ranar kare aiki wani daga cikin alƙalai ya buɗe laftof ya nuna maka shi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar.

Abu na farko yarjejeniyar kira. Mafi yawan aikin GNU Prolog, kamar daidaitawa da gina jeri, ayyukan C ne da aka riga aka rubuta, asambilinka kiran su kawai yake yi. To dole ka miƙa musu kaya ta hanyar da gcc, kwamfailan C na Linux, ke tsammani. A Intel mai bit 64 a kan Linux, rajistoci 6 ne, wato ƙananan ma'ajin cikin furosesa, ke ɗaukar kayan farko. A RISC-V guda 8 ne, a0 zuwa a7, amsa kuma ta dawo a a0. Lambobi masu ɗigo suna da nasu, fa0 zuwa fa7. Abin da ya wuce haka sai a kan tarin ajiya, wanda dole adireshinsa ya kasance mai rabuwa da 16 a lokacin kira. Sannan akwai rajistocin da aikin C ya yi alkawarin mayar maka yadda ya same su, s0 zuwa s11, da waɗanda yake da damar ɓatawa, irin su t0 zuwa t6. Rajistocin WAM masu zafi, kamar mai nuna saman tarin duniya da mai nuna mararrabar ƙarshe, a cikin na alkawari ake zaunar da su. In ka zaunar da ɗaya a t, manhajar za ta tafi daidai har sai ran da wani aikin C ya ga damar amfani da wurin. Shawarata, a zagayen farko kada ka zaunar da ko ɗaya a rajista ta gaskiya. Bar su a ƙwaƙwalwa, a hankali amma daidai. Sauri na nan zuwa daga baya.

Na biyu, ƙanƙantar umarni. Intel na barin umarni ɗaya ya yi tsawo yadda ya ga dama, ya ɗauki babbar lamba a cikinsa, ya karanta ƙwaƙwalwa ya kuma yi tsalle a lokaci guda. Faɗuwar Prolog, wato komawa mararrabar ƙarshe, layi ɗaya ce a Intel. A RISC-V sai biyu: ld ya ɗauko adireshi, jr ya tafi can. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce lambar da ke shiga cikin umarni bit 12 ce kacal, daga -2048 zuwa 2047. Raba 2048 da 8, ka samu gurbi 256. Ƙananan gwaje-gwajenka duk za su wuce. Ran da aka kawo doka mai ɗimbin canjau, wato sunayen da ke tsayawa a madadin abin da ba a sani ba tukuna, ko wani wuri da ke nesa da farkon jadawali, asambila, mai juya asambili ya zama lambobin furosesa, zai ce bai yarda ba. Don haka tun farko rubuta ɗan aiki guda da ke duba girman tazara: in ta shiga bit 12 ya fitar da umarni ɗaya, in ba ta shiga ba ya gina ta a rajistar wucin gadi. Haka tsalle: jal ba ya wuce megabayit ɗaya gaba ko baya. Manhajarka ta gado ba za ta kai nan ba, amma wanda ya zo da bayanai dubbai zai kai. Yi amfani da call da tail, waɗanda asambila ke faɗaɗawa da kansa, ka kuma tuna tail na cin t1, kada ka ajiye komai a can.

Na uku ya shafe ka kai tsaye, kai mai rabon gado. Prolog ba ya tambayarka nau'in abu, shi ne yake liƙa wa kowace kalmar ƙwaƙwalwa alama: wannan lamba ce, wannan suna ne, wannan jeri ne, wannan canjau ne da ba a cika ba. GNU Prolog na cire bit 3 daga kowace kalma don wannan alama. A na'ura mai bit 64 babbar lambar da ta rage maka ita ce 1152921504606846975, wadda ta ishi kowa. A mai bit 32 kuwa 268435455 ce. Ɗauki mas'alar nan da kowane ɗalibin fara'il ya sani: mamaci ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Asali 24 ne. Mata 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4, jimla 27, sai a yi auli, tumunin mata ya koma ɗaya cikin tara. To a ce dukiyar sefa miliyan 20 ce, abin da gida ɗaya da garken shanu ke iya kaiwa. In manhajarka ta fara ninkawa kafin ta raba, 20,000,000 sau 16 ya ba da 320,000,000, ya tsallake iyakar bit 32. Sa'arka ita ce ta tsaya ta yi ƙorafi. Rashin sa'a ita ce ta miƙo wata lamba da fuska a sake, a raba wa marayu da ita. Allon RISC-V mai ɗaukar Linux galibi bit 64 ne, amma gobe wani zai ɗora aikinka a tsohon Raspberry Pi mai tsarin bit 32. Tambayi na'urar da bakinta: current_prolog_flag(max_integer, X). Kuma don Allah kada ka yi lissafin gado da lambobi masu ɗigo. Riƙe kaso a matsayin sama da ƙasa, 16 da 27, har zuwa matakin ƙarshe. SWI-Prolog ma yana da lambobi marasa iyaka da ɓangarori na gaskiya a cikinsa, wanda ya sa ni da kaina shi zan zaɓa wa irin wannan manhaja in don amfani ne.

Na huɗu, wani abu da ba ya cikin littafin furosesa, yana cikin al'adar C. A Intel, nau'in char na ɗaukar lamba mai ragi. A Linux na ARM da na RISC-V ba ya ɗauka. Harafin ɗ a tsarin UTF-8 bayit biyu ne, na farkon 201. Intel zai gan shi -55, allonka zai gan shi 201. Duk inda wani ya rubuta C yana dogaro da ɗaya daga ciki ba tare da ya sani ba, a nan za a sha bamban. Mafi shaharar ɓarnar ita ce alamar ƙarshen fayil, wadda -1 ce: a zuba ta a char a kan allonka ta zama 255, manhaja ta yi ta karatu ba ta san fayil ya ƙare ba. Masu gwaji a Turai da haruffan Ingilishi zalla ba lalle su ci karo da matsalar harafi irin ɗ ba. Kai da magadanka ke da ɗ da ƙ da ɓ a sunayensu, ga kuma é na takardun Faransanci, sa su cikin gwajinka tun ranar farko.

Na biyar, cikar tari. GNU Prolog ba ya tsayawa a kowane mataki ya duba ko wuri ya ƙare. Yana roƙon Linux fili ga kowane tari, ya bar shafi ɗaya haramtacce a ƙarshensa. In aka taka shafin, Linux ya aiko da siginar SIGSEGV, shi kuma ya duba adireshin da aka taka ya gaya maka wane tari ne ya cika, da sunan abin da za ka ƙara, LOCALSZ ko GLOBALSZ ko TRAILSZ. Wannan yanki yana taɓa furosesa da tsarin aiki a lokaci guda, kuma shi aka fi mantawa, don ba ya nuna kansa sai an yi kuskure. Rubuta doka mai kiran kanta ba iyaka, da gangan, ka ga ko za ka samu saƙo mai ma'ana ko mutuwar fuju'a. Kada kuma ka rubuta 4096 da hannunka a matsayin girman shafi. Haka yake a Intel, amma a M1 da Raspberry Pi 5 16384 ne. Tambayi tsarin aiki.

Akwai wata masifa da Allah ya raba ka da ita. ARM da RISC-V na da damar sauya jerin rubutu a ƙwaƙwalwa fiye da Intel, abin da ke wahalar da masu manhajoji masu zare da yawa. GNU Prolog zare ɗaya yake da shi. Wuce abinka.

Game da yadda za ka yi aikin kuwa, kada ka mai da allon wurin zamanka. A hankali yake, kuma zafin Marwa na Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, ba abokin ƙaramin allo mara fanka ba ne. Sa QEMU, manhajar da ke kwaikwayon wani furosesa, a laftof ɗinka tare da gcc mai haifar da umarnin RISC-V, ka yi gini da gwaji a nan, allon ya zama na tabbatarwa a ƙarshen mako. Babban malaminka a wannan aiki gcc ne da kansa. Duk abin da ya shige maka duhu, rubuta shi da C a layi uku, ka harhaɗa da -S, ka karanta abin da ya fitar. Kana son sanin yadda ake miƙa kaya na tara, ko yadda ake ɗauko adireshin wani suna? Zai nuna maka, kuma ba ya gajiya da tambaya. Buɗe fayil ɗin ARM mai bit 64 a gefe, don ya fi na Intel kama da abin da za ka rubuta. A cikin jakar akwai manhajar gwaji, chkma, mai bin umarnin ƙaramin asambilin ɗaya-ɗaya. Kada ka yi yunƙurin gina sauran sai ta wuce gaba ɗaya. Wani abin da zai ɗaure maka kai: pl2wam da Prolog aka rubuta shi, to da me za a harhaɗa shi a na'urar da ba ta da Prolog? An riga an sa fayilolin .wam a shirye cikin tushen saboda haka. Kada ka share su, kada ka taɓa fayilolin .pl na cikinsa har sai gini na farko ya tsaya. Koyi umarnin gdb, manhajar farautar kuskure, guda uku, stepi da info registers da x, za su ishe ka. Ka kuma riƙa ajiye aikinka a git, ma'ajin tarihin gyare-gyare, kowane dare, da kwafi a waje, don wuta ba ta sallama kafin ta tafi.

Wata huɗu za su isa? In ka taɓa rubuta asambili ko na darasin aji ne, kuma C ba ya ba ka tsoro, za su isa, har da rubuta rahoto. Layukan da za ka rubuta ba su da yawa, zaman neman dalilin faɗuwa ne ke cin lokaci. In kuwa yau ne ka fara jin sunan a0, to ka tsaya kan manhajar gado, ka ɗora ta da SWI-Prolog, ka ƙara babi ɗaya mai bayanin abin da ya hana ɗayan hawa. Wannan ma aiki ne mai daraja. In ka zaɓi shiga, ranar da ka ga alamar | ?- ta GNU Prolog mai jiran tambaya ta bayyana a allon kada ka yi shela tukuna. Ba ta mas'alar 27 ɗin nan, da sunaye masu ƙugiya, da dokar da ba ta ƙarewa, ka gwada amsoshin da na laftof ɗinka layi da layi. Ka rubuto mini abin da ka gani.

Tambaya

Malam, barka da aiki. Ina koyar da darasin dabarun tunani a wata makaranta mai zaman kanta a Njamena. Ɗalibaina 'yan kaɗan ne ke da laftof, amma kusan kowa na da wayar Android. Za su iya yin Prolog a waya, ko shi ma sai an yi irin wahalar da kuke faɗa?

Wata malama, daga Njamena

Amsa

Barka kadai, Malama. Wasu sun riga sun sha wahalar a madadinku. Kusan duk wayoyin nan furosesan ARM ne a cikinsu, kuma an daɗe da gina SWI-Prolog a kansa. Su sa manhajar Termux, su rubuta pkg install swi-prolog, sannan swipl. Sau ɗaya za su ci data, daga nan yana aiki ko babu intanet. Wanda wayarsa ta cika kuma ya buɗe SWISH a burauza, sai dai shi yana buƙatar intanet duk lokacin da za a yi aiki, don a wata kwamfuta can Turai lissafin ke gudana. Abin da zai ba su wuya shi ne madannin waya, musamman alamar :- da ɗigon ƙarshen layi, wanda wayar ke son bin sa da tazara da babban baƙi. A Prolog kuwa duk kalmar da ta fara da babban baƙi canjau ce. Ki sa su kashe gyaran rubutu na kai-tsaye kafin darasin farko.